Babi Na Shida: Wa Za A Ba Gadin Kwamfutar Gida?

Duk wanda ya sayi kwamfuta, sabuwa ce fil a kwali ko ta hannu ce daga Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja, da wuya ya bar shagon bai yi tambayar nan ba: "Wane antibairos ne ya fi?" Amsar kuwa a bakin mai shago take, don ya saba bayarwa. Zai ambaci suna biyu ko uku, ya ce wannan ya fi zafi, wancan ba ya nauyi, in ciniki ya yi daɗi ma ya ce zai saka maka shi gyara. Abin da zan kafa hujja a kansa a wannan babi shi ne, tambayar ba ta kai girman da ake ba ta ba. Ga mafi yawan gidaje, manhajar tsaron da ta zo a cikin Windows ta wadatar, muddin Windows ɗin na gaskiya ne kuma ana sabunta shi. Kuɗin da za a kashe kan wata manhajar, gara a kashe shi kan data da kuma wurin ajiye kwafin fayiloli. Akwai waɗanda wannan hukunci bai hau kansu ba, za mu zo gare su, amma ba su da yawa kamar yadda masu talla ke so a ɗauka.

Sai an san yadda abin ke aiki kafin a yarda da wannan magana. Bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutocin IBM da ire-irensu, wanda aka sa wa suna Brain, ya fito ne a 1986 daga Lahore ta Pakistan. Wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi, har suka sa adireshin shagonsu da lambobin waya a cikinsa. Ta faifan fulofi yake bi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, a hankali, gwargwadon tafiyar mutanen da ke ɗauke da faifan. A wancan zamani aikin kamfanin antibairos mai sauƙi ne: ya samo samfurin bairos, ya ciro wata alama a jikinsa da ba ta canzawa, ya ƙara ta a cikin jerin da manhajarsa ke dubawa. Jerin da aka saya a watan azumi yana iya kai mutum har babbar salla lafiya lau. Yau kuwa cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus ta ce kullum tana rajistar sababbin mugayen manhajoji da na shisshigi fiye da 450,000. Galibinsu tsofaffi ne aka sauya musu kama don kada a gane su, amma sakamakon ɗaya ne: jerin makon jiya ya riga ya tsufa. Shi ya sa manhajojin yanzu suka ƙara dabaru biyu. Suna sa ido kan halin da fayil ke nunawa bayan an buɗe shi, ko yana neman kulle takardu ne ko yana laluben kalmomin sirri, sannan in sun ga baƙon abu sukan tambayi rumbun kamfaninsu ta intanet nan take. Ke nan abin da mutum ke saya ba faifai ba ne ko lambar da ke bayan kati. Alaƙa ce yake ƙullawa da wani kamfani da zai riƙa aiko masa da labari kullum. Ranar da labarin ya yanke, sunan da ke kan allo ado ne kawai.

To, in haka ne, ina matsayin wadda ta zo da Windows? Masu raina ta suna da dalili, sai dai dalilin ya kwana biyu. Microsoft ya fitar da Security Essentials kyauta a 2009, sannan daga Windows 8 a 2012 ya mayar da Defender cikakken antibairos da ke zuwa a jikin tsarin. A shekarun farko ba ta taɓuka abin kirki ba. A ƙarshen 2012 da farkon 2013 Security Essentials ta kasa samun shaidar AV-TEST, kuma masu gyaran kwamfuta da suka koyi sana'a a lokacin sun riƙe wannan darasi gam, har yau suna koya wa yaran shagonsu. Amma abubuwa sun juya. AV-TEST na auna manhaja ta fuska uku, kariya da sauri da kuma rashin tayar da hankali kan fayil mai lafiya, kowace fuska maki 6, jimilla 18. A gwaje-gwajen 'yan shekarun nan Defender kan samu cikakken maki ko dab da shi, kafaɗa da kafaɗa da Bitdefender da Kaspersky da Norton da sauran waɗanda ake biya. AV-Comparatives ta Innsbruck a Ostiriya da SE Labs ta Ingila su ma suna wallafa nasu sakamakon kyauta ga mai son dubawa. Wanda ya bi teburorin nan na 'yan watanni a jere zai lura da wani abu: tazarar da ke tsakanin manyan manhajoji goma ba ta taka kara ta karya ba, kuma wanda ya zo na ɗaya a wannan zagaye yana iya zama na biyar a na gaba. Saboda haka kada a yanke hukunci da gwaji guda, balle da shafukan "manyan antibairos goma na bana", waɗanda da yawansu ke karɓar la'ada kan duk wanda ya danna ya saya.

Akwai kuma gefen da ba a cika magana a kansa ba, wato abin da mutum ke bayarwa sa'ad da ya saka antibairos. Manhajar nan ba kamar ta kallon bidiyo ba ce. Tana shiga can cikin tsarin, ta buɗe kowane fayil, ta ga kowane shafi da aka ziyarta. Daidai take da maigadin da aka danƙa wa makullin kowane ɗaki har da na uwar gida: in ya yi kuskure gidan duka zai ji a jikinsa, in kuwa ba shi da amana babu ƙofar da za ta tare shi. Duka biyun sun faru. A watan Afrilun 2010 wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin bairos, kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka riƙa kashe kansu suna kunnawa ba tsayawa. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuskuren sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike, wadda manyan kamfanoni ke amfani da ita, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Ta fuskar amana kuwa, labarin Avast ya isa misali. Kamfanin na ƙasar Cek ya yi suna ne da bayar da antibairos kyauta, har aka gano a farkon 2020 cewa wani reshensa mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajar ke shiga. An rufe reshen, kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ɗora wa kamfanin biyan dala miliyan 16.5. Dama banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke biyan injiniyoyi albashi dole ya fanshe ta wani wuri, ko ta talla, ko ta tsoratar da kai da jan rubutu har ka sayi ta kuɗi, ko ta bayananka.

Batun Kaspersky ya sha bamban, kuma ya kamata a yi masa adalci. Manhajar tana cikin waɗanda suka fi cin gwaji shekara da shekaru. Amma a watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da ita a ƙasar, bisa fargabar cewa hukumomin Rasha na iya tilasta wa kamfanin, wanda na ƙasarsu ne, yi musu aiki, kuma sabuntawa ta yanke wa mutanen can a ƙarshen Satumba. Kamfanin ya musanta zargin. Haramcin na Amurka ne, bai shafi mai kwamfuta a Zariya ko Maraɗi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa malamin makaranta ya kasa barci don tsoron leƙen asirin Mosko ba. Abin lura a nan shi ne, siyasar da ba ruwanka da ita tana iya raba ka da manhajar da ka biya. Haka nan yawan sunayen da ke kasuwa yana ruɗar mutum ya zaci zaɓi ya yi yawa, alhali Norton da Avast da AVG da Avira duk yanzu kamfani ɗaya ke da su, Gen Digital, tun bayan haɗewar 2022. Ita Defender fa, ba kamfani ne ya yi ta ba? Kamfani ne mana. Amma wanda ke amfani da Windows ya riga ya miƙa wa Microsoft makullan tun ranar da ya kunna kwamfutar. Ƙara wata manhaja ƙara hannu na biyu ne a kan makullan, don haka sai in akwai ribar da ta kai.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan matsayina ta fito ne daga yanayin da muke ciki, kuma ba ta wasa ba ce. Masu gwajin Turai suna gwaji ne da intanet mai gudu dare da rana. Kwamfutar gida a wurinmu kuwa takan yi kwanaki ba ta ga intanet ba, sai in an haɗa ta da waya na ɗan lokaci, kuma cutar da ta fi damunta ba ta imel take zuwa ba, ta filash take zuwa. Ɗalibi ya kai filash ɗinsa shagon buga takardu a bakin makaranta don a fitar masa da furojet, ya dawo gida ya soka, sai ya tarar foldojinsa duk sun koma wasu gumaka masu 'yar kibiya a kusurwa, kowanne nauyinsa bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Hankalinsa ya tashi, ya danna ɗaya don ya ga ko aikinsa na nan. Foldar ma ta buɗe, ya yi hamdala, bai san cewa wannan dannawar ce ta tayar da ɓoyayyen fayil ɗin da ya kama kwamfutar ba. Takardunsa ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi aka ajiye tarko a gurbinsu, kuma daga ranar duk filash ɗin da ya shiga kwamfutar zai fita da cutar. Microsoft ya toshe hanyar da filash ke tayar da manhaja da kansa tun Windows 7, ya kuma kai gyaran ga XP a 2011, shi ya sa masu rubuta bairos suka koma ga wannan dabara ta sa mutum ya danna da hannunsa.

A irin wannan hali ne raunin Defender ke fitowa. AV-Comparatives na da gwajin da take yi sau biyu, da intanet da kuma babu intanet, kuma an sha ganin Defender ta yi ƙasa sosai idan aka yanke mata layi, fiye da irin su Bitdefender da G Data, domin ta dogara ƙwarai da tambayar rumbun Microsoft. Wannan gaskiya ce, kuma wanda kwamfutarsa ke karɓar filash goma a wuni ba tare da intanet ba, kamar mai shagon buga takardu, yana da hujjar sayen manhajar da ta fi ƙarfi a wannan fage. Amma a dubi iyakar hujjar. Ita ma manhajar kuɗin sai ta sha data kafin jerinta ya zama na yau, don haka wanda ba ya haɗa kwamfutarsa da intanet bai tsira ba don ya biya. Sannan bairos ɗin filash da ke yawo a shagunanmu yawanci tsofaffin iri ne da kowace manhaja ta daɗe da sani, in dai an sabunta ta ko da sau ɗaya a mako. Microsoft ma yana ajiye jerin a shafinsa a matsayin fayil guda, wanda za a iya saukewa a wani wuri a kawo wa kwamfutar da ba ta da layi. Wani abin da ke hana sabuntawa ba tare da an sani ba shi ne saitin tsimin data da mutane ke kunnawa don kada Windows ya shanye musu kati, wanda kan sa tsarin ya jinkirta saukar da abubuwa. Gara a ware rana guda, ko a yi amfani da garaɓasar datar dare, a bar shi ya ƙoshi. Smadav, 'yar ƙaramar manhajar Indonesiya da ta karɓu a shagunanmu saboda iya tono fayilolin da aka ɓoye a filash, tana da amfaninta, amma masu ita da kansu sun ce ƙari ce a kan babbar manhaja. Wanda ya kashe Defender ya bar ta ita kaɗai ya yi wa kansa.

Wannan ya kawo mu ga inda ɓarnar take da gaske. Kwamfutoci da yawa a gidajenmu Windows ɗin da ke kansu na sata ne, haka Office, haka manhajar zane, kai har da shi antibairos ɗin. Don manhajar da ke fasa makullin lasisi ta zauna, dole mai sakawa ya kashe Defender, domin tana gani za ta share ta, kuma sau da yawa yakan kashe sabuntawar Windows gaba ɗaya don kada asiri ya tonu daga baya. Ke nan an mayar wa mai kaya da kwamfutarsa ƙofa a buɗe, da wani tambari kore a gefen agogo yana ce masa komai lafiya. Masu kutse sun san da wannan kasuwa sarai. Dangin bairos ɗin nan mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya fi addabar masu kwamfutar gida, ta cikin manhajojin sata ya fi yaɗuwa, kuma a ƙarshen 2021 masu bincike na kamfanin Red Canary sun nuna yadda ake cusa ɓarawon kalmomin sirri a cikin jabun KMSPico, wadda ake amfani da ita wajen fasa Windows. Game da kashe sabuntawa kuwa, bairos ɗin da ake kira WannaCry ya isa wa'azi. Ya ɓarke a ranar 12 ga Mayun 2017, ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya sa asibitocin gwamnatin Ingila soke dubban alƙawuran ganin likita. Ramin da ya bi ya shiga, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe shi tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci, wata biyu maganin na jiran su ba su karɓa ba. 

Sai mai karatu ya ce, to ai manhajojin kuɗi ba kama bairos kaɗai suke yi ba, suna zuwa da ma'ajiyar kalmomin sirri, da VPN, da hanyar sa wa yara ido, da kariyar shiga banki. Haka ne, kuma ga magidancin da ke da kwamfuta uku da wayoyi biyar a gida, yana son ya lura da su duka daga wuri ɗaya, lasisin iyali na iya biyan kuɗinsa. Haka wanda ke ajiye lissafin kasuwancinsa a kwamfutar da yara ke sauke wasanni a kai, kodayake shi abin da ya fi masa shi ne ya buɗe wa yaran asusu daban wanda ba shi da ikon saka manhaja, kuma wannan kyauta ne. Wanda ya yanke shawarar biya, ya duba sakamakon cibiyoyin gwaji biyu na aƙalla shekara guda, ya saya daga shafin kamfanin ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, ya kuma karanta farashin shekara ta biyu kafin ya sa lambar katinsa. A nan tarkon yake. Farashin farko na jan hankali ne, na sabuntawa kan ninka, kuma cire kuɗin ake yi kai-tsaye, galibi da dala, a lokacin da naira ba ta da tabbas. Ba sabon abu ba ne: a 2009 babban lauyan jihar New York ya sa Symantec da McAfee kowanne ya biya dala 375,000 kan wannan ɗabi'a, a 2021 kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa McAfee da Norton suka sauƙaƙa wa mutane hanyar fita da karɓar kuɗinsu. Kada kuma a haɗa manyan antibairos biyu a kwamfuta ɗaya da sunan ƙarin tsaro. Rigima za su yi ta yi kan kowane fayil, kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya.

Ko wacce aka zaɓa, akwai abin da ba ta iya yi. Ba ta hana mutum karanta lambar sirrin da banki ya turo masa ga wanda ya kira shi a waya yana cewa daga hedikwata yake. Ba ta hana shi gaskata shafin da ya cika masa allo da ƙara da jan rubutu wai an gano bairos ɗari, ya danna nan a wanke, alhali dannawar ce cutar. In kuma bairos mai neman kuɗin fansa ya riga ya kulle hotunan biki da takardun fili, share shi ba ya buɗe su. Abin da ke dawo da su shi ne kwafin da aka ajiye a wani faifai na waje, wanda ake cirewa daga jikin kwamfutar bayan an gama kwafa, domin in an bar shi a soke tare za a kulle su. A cikin saitin tsaron Windows akwai wani maɓalli da ke hana baƙuwar manhaja taɓa foldojin takardu da hotuna, a kashe yake zuwa, sai an kunna. Yana da ɗan naci, yakan tare har manhajar kirki sai an ba ta izini, amma ya cancanci haƙurin. Haka nan a sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, don a gane cewa abin da aka turo da sunan takardar ɗaukar aiki, in ya ƙare da exe, ba takarda ba ce.

Saura masu tsofaffin kwamfutoci, kuma su ne da yawa, tunda kasuwarmu ta kayan hannu ce. Microsoft ya daina toshe ramukan Windows 7 a watan Janairun 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na masu amfanin gida, wanda aka tsara ya ƙare a Oktoban 2026. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai girmi zuriya ta takwas ta Intel ba, abin da ya bar tarin laftof ɗin da ke kan teburan 'yan kasuwa a waje. A kan irin wannan kwamfuta antibairos na iya rage asara, amma ba ya ɗinke ramin da ke jikin tsarin kansa, kuma kamfanonin ma da sannu suke janye tallafinsu daga tsofaffin Windows. Mai shirin saye ya tambayi zuriyar injin kafin ya tambayi sunan antibairos. Wanda ya riga ya saya kuma ba shi da halin canzawa, ko dai ya sa a ɗora masa Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya da tsohon inji, ko ya bar kwamfutar ga buga takardu da kallon fim, ya mayar da harkar banki da imel kan wayar da har yanzu take samun sabuntawa.